Ƙugiyar Da Ta Ɓata

Takarda ta zo daga Auyo ranar Laraba
a aljihun Ilu mai babur, ta sha gumi.
Ni ne magatakardan 'yan fadama,
sai aka miƙo mini a gindin tsamiya.
Na warware, na gyara murya:
"Batun takin alkama. Manoma su zo daidai."

Baba Tanimu ya ce, "Daidai da me?
Daidai hantsi ko daidai azahar?"
Cindo ya ce, "Rabo ake nufi,
buhu-buhu, ba babba ba yaro."
Jatau ya shafa yagaggiyar taguwarsa,
ya ce wataƙila so ake mu je a kintse.

Na kai takardar kusa da hanci,
sai na gane ɓarnar.
Na'urar ofis ba ta san ƙugiya ba.
Ta aske kan "ɗa", ya koma "da".

Na ce, ɗaiɗai suke nufi, jama'a.
Ɗaya bayan ɗaya. Bi da bi.
Kowa da ƙafarsa, kowa da sunansa,
kowa da babban yatsansa na dangwale.
A ware, a keɓe,
yadda Tabawa ke tsinke zoɓo daga kara,
yadda carbi ke wucewa tsakanin yatsu,
ƙwaya ba ta hawa kan ƙwaya.

Baba Tanimu ya tofar da goro.
"Wannan kalma ba ta taɓa shiga fadama ba.
Ruwa in ya zo, gaba ɗaya yake ci.
Jan-baki ba sa sauka ɗaiɗai,
rankatakaf suke rufe gona.
Kacalla da gayya muka yanke ta,
injin ban-ruwa mu bakwai muka yi karo-karo.
Tare muka sani. A dunƙule. Baki ɗaya.
Kuma ka kula, ɗan boko,
tsakanin ɗaiɗai da ɗaiɗaita
gaɓa guda ce tak."

Na yi shiru, don ya girmi ubana.
Amma littafin ƙungiya yana kan cinyata,
kuma littafi ba ya jin kunya.
Na ce, Baba, bara a jimlace muka ci bashi,
mutum uku suka shige cikin "mu"
kamar ɓera a rumbu,
har yau ba su fito ba.

Jatau ya sami abin kallo a takalminsa.
Wata akuya ta yi atishawa.

Can sai tsohon ya yi murmushi.
"To, bashi da kabari, na yarda.
Ko tagwaye ma bi da bi suke fitowa."

Ranar Litinin muka tafi
a bayan a-kori-kura guda,
gwiwa na gugar gwiwa, mu goma sha tara.
A bakin ofis muka tsinke kamar tsintsiya.
Ana kira, ana shiga:
Cindo Barau.
Jatau Na-Kande.
Ban taɓa jin sunayenmu da nauyi haka ba,
kowanne tsaye shi kaɗai, ba mai tallafa masa.

Yatsan Baba Tanimu ya ƙi fita a takarda.
Shekara sittin na ƙotar fartanya
sun shafe zanen.
Sau uku yana dangwalawa,
mu kuma muna leƙe ta taga,
ba mai ikon ara masa nasa.

Da la'asar aka loda buhuna a mota guda.
Kafin mu kai kwanar gari sun cakuɗe,
ba wanda ya san nasa,
ba kuma wanda ya tambaya.

Da dare na ɗauko takardar zan adana.
Na kunna fitila, na cire murfin biro,
na mayar wa kalmar ƙugiyoyinta biyu,
'yan ƙanana, kamar lauje.
Sai ta zauna daidai.